Majon da Ba Ya Jin Hausa

Ku da kuke bin labarina a wayoyinku, yau sai kun yi mini uzuri, domin da maganar da ba a yi a gaban manya zan fara: maganar fitsari. Tun bayan ƙaramar salla gidanmu ba shi da wani zance sai shi. Wane launi ne yau, ya sauka ko bai sauka ba, da jini ko babu. Ni Najaha, da ko kalmar ba na iya furtawa in Baba yana tsakar gida, yanzu a fuskar Inna nake karanta amsar kowace safiya.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ce 'yar fari a gidan Malam Sallau mai rake, nan Matameye. Ina kuma da hali guda da na kasa rabuwa da shi: ba na ganin ƙulli in wuce ban kwance ba. Inna takan ce da bin diddigi sana'a ce, da tuni na kai ta Makka.

Baba a cikin ruwan fadama ya tashi, a ciki ya girma, a ciki ya yi furfura. Da ya fara ganin jini bara, dariya ya yi, ya ce tsargiya ce ta yarinta ta dawo gaishe shi. Wane namiji ne a garin nan bai yi fitsarin jini ba yana yaro? Ya sha jiƙo, ya sha sassaƙe, ya ci gaba da saran rakensa. Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak, aka fita da shi a kwance, mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba yana cizon hannun rigarsa. A Damagaram likita ya ce ciwon daji ne a mafitsara, kuma tsargiyar da aka raina shekara da shekaru tana iya share masa hanya. Suka kankare abin da za su iya, suka sallamo shi da siririn tiyo da leda a ƙarƙashin riga, suka ce a jira kira daga Yamai don sauran magani. Kafin nan dole wani ma'aikacin asibiti ya riƙa zuwa yana wanke tiyon, don in gudan jini ya toshe shi, an koma gidan jiya.

A nan Baba ya kafe. Ina soron tsakiya ina tankaɗe na ji shi yana gaya wa Inna.

"Ba mace, ba kuma ɗan garin nan. Yaron da na ba guntun rake yana tsirara, shi zai zo ya ga nawa tsiraicin? Gara a bar ni da Allah."

"Malam, to wa za a samo?"

"Baƙo. Wanda bai san ubana ba, ban san nasa ba."

Bayan kwana biyu Inna ta ce an dace, akwai wani majo, wato ma'aikacin jinya, Bazabarme da aka turo asibitin garin, ko sannu bai iya ba da Hausa. Baba ya ce shi ne daidai.

Yanzu bari in shigo da wanda kuke jira. Marwan ɗan garin Dungu ne, shi ma ma'aikacin jinya ne a asibitin nan namu. Kafin azumi kawunninsa suka kawo kayan gaisuwa, turamen atamfa da leshi ruwan zuma da turaruka, suna nan a ƙulle cikin zane a saman almuwar ɗin da Inna ke ajiye tufafinta. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa gaban Baba. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa, ya yi gaisuwa da muryar da ko ni ban ji ba. Baba kuwa bango ya amsa wa. Haka ake surukuta a wajenmu, kowa ya ga kowa, kowa bai ga kowa ba.

Mutumin da kullum bayan isha'i yana ƙofar gidanmu, yana ba ni labarin marasa lafiyarsa har sai Inna ta yi gyaran murya, tun da Baba ya dawo daga Damagaram ya ɗauke ƙafa. Ba zance, ba dubiya. Sai saƙo.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Yaushe za ka zo ka gan shi?"

"Aiki ya yi yawa. Ki kula ya sha ruwa sosai."

"Ni ba ka tambayi nawa jikin ba."

"Ki kula da kanki."

Na tura masa murya ta minti uku, ya saurara, ya aiko mini hoton hannu biyu na addu'a. Ku gaya mini, in ku ne me za ku ɗauka? Gwaggo Hawa, ƙanwar Baba, ba ta ɓata lokaci ba. Ta zo da mayafinta mai duwatsu, ta zauna bakin gadon Inna, ta ce ai ma'aikacin asibiti ya fi kowa sanin abin da ciwon daji yake nufi, ya leƙo ya ga gidan hidima ya ja da baya. Ta ce in share shi, akwai wani abokin ɗanta mai shagon siminti da ke tambaya. Na ji ciwon maganar har cikin ƙashina, na yi kuka na a bayi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Inna. Matar da ba a taɓa mata 'ya ta yi shiru, ranar ko uffan ba ta ce ba, sai ƙasa take kallo.

Daga nan hancina ya fara ƙaiƙayi.

Na lura duk Litinin da Alhamis, ranakun da majo ke zuwa, Inna ba ta rasa aiken da za ta yi mini da hantsi. Yau kai niƙa, gobe karɓo ɗinki, jibi gaishe da wata tsohuwa da ba ta ma gane ni. In na dawo sai in tarar an gama, ɗakin Baba na zaure yana warin maganin asibiti, shi kuma fuskarsa a sake.

"Inna, wai majon nan baƙi ne ko fari?"

"Aurensa za ki yi?"

"Tambaya ce kawai."

"Ɗauki kwanon nan ki wuce."

Abin da ya tona su ƙarami ne. Wata Alhamis na ga Inna tana dama fura a ƙaramin kwanon sha mai murfi, wanda ake ajiye wa baƙi. Ba ta sa sukari ba. Ta ƙara citta, ta kuma barbaɗa ɗan barkono a kai. A duk faɗin Matameye mutum ɗaya na sani da ke shan fura haka, kuma ni na gaya wa Inna, ina yi masa dariya.

Na ɗauki geron niƙa kamar abin kirki. A wurin inji na damƙa wa Fati maƙwabciyarmu kwanona, na ce ta riƙe mini layi, na zago ta lungun bayan gida inda tagar ɗakin Baba take. Ban leƙa ba, Allah ya sani, ubana ne. Na dai jingina da bango, na ja mayafi na rufe fuska, na kasa kunne.

Dariyar Baba na fara ji. Rabon da in ji ta tun kafin azumi.

"A'a, Majo. Ba ziki ba. Jiki. Ka ce sannu da jiki."

"Sannu da ziki, Baba."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Shekara nawa za ka yi a ƙasar Hausa kana ziki?"

"Dusuma, Baba. Dusuma."

Wato a hankali, da Faransanci. An shaƙe muryar, an tura ta ta hanci, ga takunkumi a baki. Amma muryar da ta shekara tana kiran sunana a waya, ko cikin rijiya aka jefa ta zan gane ta. Dariya ta taso mini, kuka ya taso mini, na toshe baki da mayafi na rasa wanda zan bari ya fita.

Na ji ƙarar ruwa a roba, na ji Baba ya ja numfashi ya sauke. Sai muryarsa ta canja, ta yi ƙasa, irin ta mai magana shi kaɗai a gona.

"Kai ka huta, Majo, ba ka jin abin da nake faɗa. Shi ya sa nake gaya maka. Tsoro nake ji. Ba na mutuwa ba, wannan ai kowa da ranarsa. Yamai ɗin nan nake tsoro, a ce za a cire mini mafitsara gaba ɗaya, in ƙare rayuwata da leda. Liman ya aiko ya ce sallata ta yi, lalura ce, in fito jam'i. Amma ina zan shiga sahu, na kusa da ni yana jin motsin ruwa a rigata?"

"Wi, Baba."

"Wi ɗin dai. Kome aka ce maka wi, ba ka da a'a."

Ina shirin zamewa na ji abin da ya dasa ni a wurin.

"Ina da 'ya, Najaha."

Ku da ba 'ya'yan fari ba ba za ku gane ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ke, yarinyar nan, 'yar gidan nan, da su na tashi. Ashe ya iya faɗarsa, har da ɗan ja a ƙarshe.

"Yarinya ce mai kaifin kai, sai tambayar tsiya. Akwai yaron da ke nemanta, ɗan Dungu, aikinku ɗaya, wataƙila ma kuna gaisawa. Na yaba da shi, na karɓi gaisuwarsu. To tun da na kwanta bai tako nan ba. Kawunninsa sun zo dubiya, shi ko inuwarsa. Da dare ina kasa kunne ko zan ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofa, shiru. Wanda ya gudu daga ciwon uba, ranar da 'yar ta kwanta fa? Ni ba ni da tabbacin ganin baɗi. Ba zan bar ta a hannun da ke saki ba. Kayansu zan mayar."

Ƙarar ruwan ta tsaya. Na tsaya ina jira ya fizge takunkumin nan, ya ce Baba ga ni, ban je ko'ina ba. Abin da na ji kawai shi ne ruwan ya ci gaba da zuba, da muryar nan ta hanci.

"Fini, Baba. Sannu da ziki."

Fini, wato an gama. Wannan karon Baba bai gyara masa ba.

A ƙarshen lungun na tare shi, inda ya ɓoye wani tsohon babur da ba nasa ba. Farar riga har gwiwa, hular asibiti, takunkumi, har da tabarau na aro. Da a kasuwa na gan shi da ni ma na wuce.

"Bonjur, Majo."

Ya tsaya da makulli a hannu. Ya duba hagu da dama, sannan ya ja takunkumin ƙasa. Igiyar ta yi masa shaida a kumatu, ya kuma rame.

"Wa ya gaya miki?"

"Furarka."

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji. Ai ina jin Hausa."

"To koma ka gaya masa."

"In ce masa me, Najaha? In ce yaron da ya durƙusa maka a zaure shi ne yake ɗaga maka riga wata biyu? Shi ne ka gaya wa kana jin tsoro? Ranar da ya gane ni, ba ni kaɗai zai rufe wa ƙofa ba, kowa ne. Kin ga yadda aka fita da shi rannan."

"Bazabarmen fa? Babu shi?"

"Akwai shi. An yi masa canjin wurin aiki kwana kaɗan kafin a sallamo Baba. Sauran maza, ban da ni, duk 'yan garin nan ne."

"To ka zo da yamma a matsayinka, ka gaishe shi daga nesa, ka tafi."

"Da farko na yi niyya. Amma mai kwanciya ba shi da aiki sai sauraro. Yanzu ya san tafiyata, ya san tarina, ya san wannan." Ya nuna mini tabon ƙuna a bayan hannunsa. "In na ce salamu alaikum a ƙofar nan da muryata, an gama."

"Ni kuma ka bar ni ina kuka a bayi."

"Inna ta ce fuskarki ba ta riƙe magana."

Wannan gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

"Marwan, in aka mayar da kayan nan, kawunninka ba za su sake takowa ba. Ka san halin kawunka Alhaji Zakariya."

"Na san shi."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Ya daɗe yana murza makullin. "Ina son ki, ba sai na rantse ba. Amma aure yana iya jira, ko ya lalace a gyara, ko kuma ya ƙi gyaruwa in ji ciwonsa. Tiyon nan ba ya jira. Ki taimake ni mu kai shi Yamai da ƙafarsa."

Ya mayar da takunkumi, ya tura babur ɗin har bakin titi kafin ya tayar.

A madafa na sami Inna tana wanke kwanon furar. Kallo ɗaya ta yi mini ta ajiye soso.

"Ina niƙan?"

"Inna, ke kika haɗa wannan?"

Ba ta musa ba. Ta ce ita ta je asibiti da ƙafarta, ta kira shi gefe. "Na durƙusa masa, ni da ya kamata ya durƙusa mini. Ya ce in tashi don Allah, ya ji ya ɗauka. Na san abin da nake sa shi ya saka a wuta, na san naki ne. Amma mijina ne, ke kuma ubanki ne." Ta share ido da bakin zane. "Ki rufa mana asiri. In ya tambaye ki, ki san abin da za ki ce."

"Baba ne zai tambaye ni maganar saurayi?"

"Ciwo yana canja mutum."

Ta fi ni saninsa. Bayan la'asar ina shanya wanki na ji muryarsa daga zaure.

"Ke, yarinyar nan."

Na same shi zaune a kan buzu a bakin ɗakinsa, cikin babbar rigarsa shuɗiya da yanzu ta yi masa yawa, ya tattara ta a cinya don ta rufe ledar. Na durƙusa daga gefe. Bai dube ni ba, carbinsa yake kallo.

"Maganar da zan yi ba tawa ba ce, ta gwaggonninki ce. To amma ban san yawan lokacin da nake da shi ba." Ya ja carbi ɗaya. "Yaron nan na Dungu. Yana da wani uzuri da ban sani ba? Ko an tura shi wani gari, ko shi ma jikin ne? In akwai ki faɗa. Ba na son in zalunci ɗan mutane."

Ga ƙofa ya buɗe mini da hannunsa. Kalma huɗu ta isa: Baba, shi ne Majo. Ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana a cikina ba, na ji ta taso har maƙogwaro. Ƙaryar tafiya ma ba ta da wurin zama, Kawu Sule, ƙanen Baba, kullum yana ganinsa a bakin asibiti.

Iska ta ɗan ɗaga gefen rigar. Ban yi niyyar gani ba, na gani. Ruwan da ke cikin ledar garau yake, launin shayi marar ƙarfi, ba ɗigon ja ko ɗaya. Tun da aka dawo da shi ban san ya taɓa yin haka ba.

"Ba shi da uzuri, Baba. Yana nan garin, lafiyarsa ƙalau."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na zaci faɗa zai yi, ko ya ce Allah ya raba mu da mugun iri. Sai na ji ya sassauta murya.

"Ki yafe mini. Ciwona ne ya kore miki shi. Da na je asibiti tun bara, da yanzu kina ɗakinki."

"Baba, don Allah."

"Bar ni in faɗa."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan tabarma. Ban taɓa jin son mutum biyu ya matse ni lokaci ɗaya kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin na tsani bakina haka ba.

Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara murya, ya koma Malam Sallau.

"Kawunki Sule zai je musu da baki. Amma kayan ba na son a ratsa tasha da su a ka, gari ya samu abin faɗa a kanki. Majo ya nuna mini da hannu cewa ran Litinin daga nan Dungu zai wuce, allurar yara. Shi baƙo ne, bai san mene ne a ciki ba, ba shi kuma da wanda zai gaya wa. Ki ƙulle su da kyau ya ɗaura a babur."

"To, Baba."

"Ke da kika yi karatun lakwal, ki tsaya ki kwatanta masa gidan da Faransanci. Kada bawan Allah ya ɓata."